Jirgin Bayi da Ya Koma Farautar Jiragen Bayi: Tarihin Aikin Black Joke, 1827 zuwa 1832

Ranar 6 ga Satumba, 1827, wani babban jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Sybille ya tare wani ƙaramin jirgi mai ginshiƙai biyu jim kaɗan bayan ya baro gaɓar Ikko, wato Legas. Da sojojin ruwa suka hau suka buɗe murafun ƙasan jirgin, sai suka tarar da mutum 569, maza da mata da yara, an cusa su a cikin jirgin da tsawonsa duka kimanin ƙafa 90 ne, faɗinsa kuma bai kai ƙafa 27 ba, an nufi Bahiya ta ƙasar Barazil da su. Sunan jirgin Henriqueta. Wata huɗu bayan haka, wannan jirgi dai, da katakonsa da igiyoyinsa da manyan ƙyallayen da iska ke turawa, ya fito daga tashar Firitawun ta ƙasar Saliyo ɗauke da tutar Birtaniya da sabon suna, Black Joke, ya shiga farautar jiragen da jiya-jiya yake sana'a ɗaya da su. Shekara huɗu da 'yan watanni kawai ya yi yana wannan aiki, amma a cikinsu ya ƙwato mutane fiye da 3,000 daga hannun masu fataucin bayi, har sunansa ya danne na manyan jiragen da suka ninka shi girma.

Akan ba da labarinsa a matsayin labarin jarumta, kuma akwai jarumtar a ciki. Sai dai wanda ya bi tarihin aikin jirgin daki-daki zai ga cewa igwa ce ƙarama a cikin abubuwan da suke yanke hukunci a wannan teku. Iska da doka da kuɗi da zazzaɓi duk sun fi ta ƙarfi, kuma duk inda ɗaya daga cikinsu ya karkata, mutanen da ke ɗaure a ƙasan jirgi ne suke biya da rayukansu.

A Amurka aka ƙera shi wajen 1824, a kan fasalin jiragen birnin Baltimo. Masassaƙan wannan birni sun yi suna wajen ƙera jirage masu tsinin gaba da siririn ciki, da dogayen ginshiƙai da suka ɗan kishingiɗa baya, waɗanda ke ɗaukar ƙyalle mai yawa fiye da yadda girman jikinsu zai nuna. Irin wannan jirgi ba ya cin kaya da yawa, saboda haka bai da wani amfani ga ɗan kasuwar auduga ko sukari. Mai bukatarsa shi ne wanda sana'arsa ta rataya a kan gudu, wato ɗan fasa-ƙwauri da ɗan fashin teku da mai fataucin bayi tun da doka ta fara bin sawunsa. A 1825 jirgin ya shiga hannun wani attajirin Bahiya, José de Cerqueira Lima, kuma kafin dubunsa ta cika ya yi sawu shida, ya sauke mutum 3,040 a Barazil.

Yadda ya yi waɗannan sawaye ba tare da an kama shi ba ya nuna irin ɓarakar da ke cikin dokar zamanin. Yarjejeniyar da Birtaniya ta ƙulla a 1815 da Fotugal, wadda Barazil ke ƙarƙashinta a lokacin, ta haramta fataucin bayi ne a arewa da layin da ya raba duniya biyu, ta bar shi halal a kudu da layin. Sai jiragen Bahiya suka riƙa karɓar takardar izinin tafiya Molembo, can kusa da bakin kogin Kwango, alhali inda suka dosa shi ne Ikko da Badagiri da Wida, inda 'yan kasuwar gaɓa suka fi son tabar Bahiya da ake shafa wa ruwan rake don kada ta bushe. Da wannan taba, da giya da bindigogi da yadi, ake sayen mutane.

Mutanen kuwa ba daga bakin teku kawai suke fitowa ba. Shekarun ne daular Oyo take rugujewa, yaƙi ya cika ƙasar Yarabawa da Nufe, ga kuma yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin da aka fara a 1804, waɗanda suka jefa ɗimbin fursunoni a kasuwa, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har bakin ruwa. Hausawa sun yi yawa a Bahiya har hukuma ta san da zamansu, domin sun shirya tawaye a 1807, suka tayar da shi a 1809 da 1814. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tattauna da Bature mai yawon bincike Hugh Clapperton a Sakkwato kan hana kai bayi gaɓar teku, kuma Clapperton ɗin ya rasu a kusa da Sakkwato cikin Afrilun 1827, wata biyar kafin a kama Henriqueta. Saboda haka labarin wannan jirgi ba labarin nesa ba ne ga mai karatun Hausa, domin hanyar da ta ƙare a cikinsa daga cikin ƙasa ta taso, kuma masu sayarwa na farko ba Turawa ba ne.

Birtaniya, wadda ita kanta ta yi ƙarni da wani abu tana kan gaba a wannan fatauci, ta haramta shi ga 'yan ƙasarta a 1807, sa'an nan a 1808 ta tura jirage biyu su yi sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma. Ko a lokacin da muke magana a kai, shekara ashirin bayan haka, jiragen rundunar ba su kai goma ba, ga gaɓa mai tsawon dubban mil, cike da bakunan koguna da fadamu. Ƙarancin jirage ma ba shi ne babban cikas ba. A lokacin zaman lafiya, jirgin yaƙin wata ƙasa ba shi da ikon tsayar da jirgin wata ƙasar ya bincike shi sai da yardarta, kuma kotun Ingila da kanta ta tabbatar da haka a 1817 a shari'ar wani jirgin Faransa mai suna Le Louis. Dole aka bi ƙasashe ɗaya bayan ɗaya ana neman yarjejeniya. Fotugal da Sifaniya sun sa hannu a 1817, Sifaniya ma sai da aka biya ta fam 400,000, Holan ta biyo baya a 1818, kuma a 1819 aka kafa kotunan haɗin gwiwa a Firitawun, inda alƙalin Birtaniya da na ƙasar da jirgi ya fito ke zama tare su yanke hukunci. Faransa da Amurka suka ƙi yarda a taɓa jiragensu. Sharaɗin da ya fi kowane nauyi shi ne wannan: ba a kama jirgin Sifaniya ko na Fotugal sai an same shi da bayi a ciki, ko an kawo ƙwaƙƙwarar shaida cewa an ɗora su a wannan tafiya. Jirgi na iya tsayawa a gaban Ikko da mari da sarƙoƙi da manyan tukwane da gangunan ruwan da za su ishi mutum ɗari biyar, sojan ruwa na kallonsa, ba abin da zai iya yi. Sai ya jira an yi lodi, wanda akan gama cikin 'yan sa'o'i, sau da yawa da dare, daga nan kuma sai tsere.

A tseren ne rundunar take shan kashi. Jiragenta ko dai manya ne masu nauyi da aka ƙera domin fafatawa da jiragen yaƙin Faransa, irin Sybille ɗin, wanda shi ma asalinsa na Faransa ne da aka ƙwace tun 1794, ko kuma ƙanana masu igwa goma waɗanda matuƙansu suka raina saboda nawa da saurin kifewa. A yankin da iska ba ta da ƙarfi, takan ma ɗauke ɗif na tsawon yini, jirgin Baltimo mara nauyi yakan ci gaba da silalewa yayin da mai nauyi ke tsaye cak. Shugaban rundunar, Kwamanda Francis Augustus Collier, tsohon hannu ne wanda ya fara aiki yana yaro a ƙarƙashin Nelson, shahararren kwamandan sojan ruwan Birtaniya, kuma shi ya jagoranci jiragen da suka kai hari Ras al-Khaimah a Tekun Fasha a 1819. Da ya ga yadda Henriqueta yake yanka ruwa, sai ya gane cewa karen bana shi ne maganin zomon bana. Al'adar kotu ita ce, in an yanke wa jirgi hukunci, a yi gwanjonsa, kuma sau da yawa wakilan masu fataucin ne ke saye su mayar da shi bakin aiki. A gwanjon farkon Janairun 1828 Collier ya riga su, ya sayi jirgin, ya raɗa masa sunan da wasu ƙananan jiragen Ingila suka taɓa ɗauka.

Matsayin jirgin a idon doka yana bukatar bayani, domin a kansa abubuwa da dama suka rataya. Yarjejeniyoyin sun ba da ikon bincike ne ga jiragen yaƙi sanannu masu ɗauke da takardar umarni, kuma Black Joke ba ya cikinsu. An ɗauke shi ne a matsayin ɗan aiken Sybille, tamkar ɗaya daga cikin kwale-kwalenta, duk da cewa yakan yi makonni yana yawo shi kaɗai. Daga Sybille ake ɗebo ma'aikatansa, laftanar ne ke jagorantarsa, kuma duk abin da ya kama, da sunan uwar jirgin ake kai shi kotu. Makamansa ba su taka kara sun karya ba: doguwar igwa ɗaya mai harba dalma mai nauyin laba 18, an ɗora ta a tsakiyar jirgi a kan madauri mai juyawa yadda za ta fuskanci ko wane ɓangare, sai gajera ɗaya a matsayin mataimakiya. A cikin ma'aikatan akwai mutanen Kuru, daga gaɓar da yau take Laberiya, waɗanda suka gwanance da tuƙa kwale-kwale a cikin igiyar ruwan bakin gaɓa, suka kuma fi Turawa jure zazzaɓin yankin. Da yawa daga cikin aikin ƙarfi da na haɗari su suke yi, amma a littattafan jirgi akan rubuta su ne da laƙabin da Turawa suka ga dama suka manna musu.

A ƙarƙashin Laftanar William Turner, jirgin bai ɓata lokaci ba. Ranar 12 ga Janairu, 1828, ya kama Gertrudis na Sifaniya da mutum 155. A watan Mayu ya kama Vengador da mutum 645, adadin da rundunar ba ta taɓa samu a jirgi guda ba kafin nan. A watan Agusta ya gwabza da Presidente, jirgin da ya fito daga Buenos Aires yana wawushe jirage da sunan yaƙin Ajantina da Barazil, ya kuma rinjaye shi. Turner ya samu ƙarin girma, Laftanar Henry Downes ya karɓi jirgin kafin ƙarshen shekara.

Downes ne ya yi karon da aka fi tunawa da shi. El Almirante jirgin Sifaniya ne mai igwa 14 da ma'aikata kimanin 80, wanda masu shi suka tanada domin ya yi faɗa in gudu ya gagara. A ƙarshen Janairun 1829 ya yi lodi ya kama hanyar Habana ta ƙasar Kyuba, Black Joke ya bi shi. Awa 31 aka yi ana wannan bi, kuma galibinta ba da iska aka yi ta ba. Da iska ta ɗauke, sai ma'aikata suka zura dogayen filafilai ta gefen jirgi, mutum biyu ko uku a kan kowane, suna tuƙa jirgi mai nauyin tan sama da ɗari biyu da ƙarfin damtse, a cikin zafin rana da kuma duhun dare. Ranar 1 ga Fabrairu iska ta ɗan taso, jiragen suka haɗu. In da Downes ya jera gefe da gefe da abokin karonsa, da igwa bakwai na ɓangare guda sun ragargaza shi. Abin da ya yi shi ne ya yi amfani da saurin juyin jirginsa yana zagayawa ta bayan El Almirante, inda igwoginsa ba sa iya kaiwa, yana harbi daga can. Bayan minti 80 Sifaniyawa suka sauke tuta, an kashe musu mutum 15 har da kyaftin ɗinsu, 13 sun ji rauni. A Black Joke mutum shida suka ji rauni, biyu daga cikinsu suka mutu daga baya. Aka tarar da mutum 466 a ƙasa.

Ya kamata a dakata a kan waɗannan mutum 466, domin rahotannin yaƙi sukan wuce su da lamba kawai. Duk tsawon awa 31 na tsere da minti 80 na harbe-harbe, suna kwance ne a ƙarƙashin ƙafafun masu faɗa, a wani bene da mutum ba ya iya miƙewa tsaye a cikinsa, maza a ɗaure biyu-biyu da mari, suna jin ƙarar igwa da tsagewar katako ba tare da sun san wa ke harbin wa ba, ko me zai same su in wani ɓangare ya ci. Mai harbi a jirgin Birtaniya yana ƙoƙarin saita ginshiƙai da igiyoyi da doron jirgi, domin duk dalmar da ta huda ciki, a kan waɗanda aka zo ceto za ta faɗa.

Shekarar 1829 ta zo da maƙiyin da ba a harbinsa. Zazzaɓin shawara ya ɓarke a Firitawun da tsibirin Fernando Po, wanda yau ake kira Bioko, ya bi jirage ɗaya bayan ɗaya. Daga cikin mutum 792 na rundunar, 204 suka mutu a wannan shekara, jirgin Eden kaɗai ya rasa 110 daga cikin 160. Likitocin zamanin suna ɗora laifi a kan gurɓatacciyar iskar fadama, domin sai wajen shekara 70 bayan haka aka tabbatar da hannun sauro a ciki. Sybille ma ya yi asarar mutane da yawa, Downes kansa rashin lafiya ta mayar da shi gida, jirgin ya riƙa sauya shugabanni. Duk da haka bai daina kamu ba: Carolina da mutum 420 a watan Maris na 1829, Cristina da 348 a Oktoba, Manzanares da 354 a farkon Afrilun 1830. Bayan Collier ya koma Ingila, daga baya Black Joke ya zama ɗan aiken jirgin Dryad na sabon shugaba, Kwamanda John Hayes. A ƙarshen 1830 ya kama wani jirgin Sifaniya mai gudu, Dos Amigos, wanda shi ma aka saya aka sa masa suna Fair Rosamond, suka zama abokan farauta. Tsakanin Nuwamban 1830 da Maris na 1832, jirage 13 rundunar ta kama, 11 daga cikinsu waɗannan tsofaffin jiragen bayi biyu ne suka kamo. Babu hujjar da ta fi wannan nuna cewa hukumar sojan ruwa a Landan ta tura mutanenta aiki da kayan da ba su dace da aikin ba.

Karon da aka yi da Marinerito ranar 25 ga Afrilu, 1831, a tekun da ke tsakanin Kalaba da Fernando Po, shi ya fi fito da tsadar irin wannan nasara. Jirgin na ɗauke da igwa biyar da ma'aikata sama da 70. Laftanar William Ramsay ya bi shi, nan ma da filafilai, ya yanke shawarar ya manna jirginsa a jikinsa a hau da takubba. Da jiragen suka yi karo, sai Black Joke ya koma baya da ƙarfin bugun, ya zamana Ramsay da mutum goma sha 'yan kai ne kaɗai suka samu tsallakawa, suka tsinci kansu a tsakiyar maƙiya. Wani ɗan koyon aikin hafsa mai suna Hinde, yaro ɗan kimanin shekara 15, shi ya tara sauran ma'aikata a kan filafilai, suka sake matso da jirgin aka ɗaure su tare, sauran suka hau. An ci nasara, mutum ɗaya ya mutu a ɓangaren Birtaniya, Ramsay na cikin waɗanda suka ji rauni. Amma da aka buɗe murafun da aka rufe tun farkon tsere, daga cikin mutum 496 an tarar 26 sun mutu saboda rashin iska da ƙishirwa, wasu 107 kuma sun galabaita har sai da aka sauke su a Fernando Po, inda kimanin 60 daga cikinsu suka cika.

Ko ga waɗanda suka tsira, tsugune ba ta ƙare ba. Doka ta ce sai an kai jirgi da mutanen cikinsa gaban kotu a Firitawun, kuma daga yankin Ikko ko Kalaba zuwa can tafiya ce ta gaba da iska da kuma gaba da jan ruwa, wadda kan ci wata guda ko fiye. Mutanen sukan yi ta ne a cikin jirgin da aka kamo su, a hannun sojoji 'yan ƙalilan, da ɗan ruwa da abincin da masu fataucin suka tanada, atuni da ƙyanda da ciwon ido suna ta yaɗuwa. Bayan hukunci sai a sauke su a wani fili mai katanga a bakin tasha, magatakarda ya rubuta sunan kowa yadda kunnensa ya ji, da shekarunsa da tsawonsa da zanen da ke fuskarsa. Daga nan wasu a tura su ƙauyuka irin Regent da Hastings da Waterloo, yara a ba da su koyon aiki a gidajen mutane na shekaru, samari da yawa a sa su soja. Ba a mayar da su gida. A cikin irin waɗannan 'yantattu aka samu al'ummar Hausawa a Saliyo, kuma daga bakinsu ne ɗan mishan James Frederick Schön ya koyi harshen har ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda bai kamata a kauce masa ba. Gwamnati tana biyan ladan fam 10 a kan kowane mutum da aka sauke da rai, aka rage shi zuwa fam 5 a 1830, ga kuma kaso daga kuɗin gwanjon jirgi. Da yake Black Joke ɗan aike ne, ladan kamunsa yana shiga rabon uwar jirgin gaba ɗaya, kuma babban kaso na manyan hafsoshi ne. Ke nan sayen da Collier ya yi hikimar yaƙi ce, jari ne kuma. Wannan bai soke jarumtar waɗanda suka yi ta tuƙi da damtse suna fuskantar igwa 14 da guda biyu ba, bai kuma rage darajar ran da aka ceto ba. Amma tsarin da ke biyan lada a kan kai, ya kuma hana kamu sai an yi lodi, ya sa kowane ɓangare yana kallon mutanen da ke ƙasan jirgi a matsayin lissafi: ga mai fatauci su ne haja, su ne kuma shaidar da za ta kashe shi a kotu.

Abin da wannan lissafi ke haifarwa ya fito fili a watan Satumban 1831. Black Joke da Fair Rosamond suka hango jiragen Sifaniya biyu, Regulo da Rapido, suna fitowa daga kogin Boni da lodi. Da suka ga an tare su, sai suka juya suka koma cikin kogi. Ma'aikatan Birtaniya suna biye da su suna gani da idonsu ana jefa mutane cikin ruwa, biyu-biyu, da mari a ƙafa, wasu kuma ana tura su gaɓa a kwale-kwale, domin kafin a iso jirgin ya zama fanko. Fiye da mutum ɗari suka nutse. An cim ma Regulo da sauran mutum 207 a ciki. Rapido kuwa an same shi wayam, kuma da ya kuɓuta daga hukunci in ba don an tsamo wasu da rai daga ruwa ba, waɗanda shaidarsu ta tabbatar wa kotu cewa daga cikinsa aka jefo su. A ganina, wannan rana ta fi ranar El Almirante cancantar a tuna da ita, domin ta nuna cewa jirgi mai gudu, in doka ba ta gyaru ba, yana iya zama sanadin gaggauta mutuwar waɗanda ya zo ceto.

In aka auna da girman fataucin, abin da rundunar ta ƙwato cikin cokali ne. Daga 1808 zuwa wajen 1860 ta kama jirage kimanin 1,600, ta 'yanta mutum kimanin 150,000, alhali waɗanda aka fitar daga Afirka bayan 1807 sun kai miliyan uku. Duk tsawon shekarun da Black Joke yake aiki, bautar kanta halal ce a gonakin rake na Birtaniya a Jamaika da sauran tsibiran, sai a 1833 majalisa ta zartar da dokar soke ta, ta ware fam miliyan 20 diyya ga masu bayi, ba ga bayin ba. Rundunar nan ce kuma daga baya ta yi wa Ikko ruwan wuta a 1851, ta kori Sarki Kosoko ta ɗora Akitoye a kan sarauta, shekara goma kafin Birtaniya ta haɗiye garin. Duk da haka, mutum dubu uku da wani abu da suka taka ƙasa a Firitawun maimakon Bahiya ko Habana mutane ne masu suna, kuma zuriyarsu tana nan a Saliyo da Legas da Abekuta.

Kamun ƙarshe shi ne Frasquita, a watan Fabrairun 1832, da mutum 290. A lokacin jirgin ya gaji. An ƙera shi ne domin gudu ba domin daɗewa ba, kuma shekara takwas a cikin ruwan zafi da damina mai yawa da dukan igwa sun cinye katakonsa. Sabon babban kwamandan yankin, Admiral Frederick Warren, ya sa aka duba shi, masu dubawa suka ce ya ruɓe, aka ba da umarnin a hallaka shi. A watan Mayun 1832 aka kwashe kayansa aka cinna masa wuta a Firitawun, wanda hakan ya toshe hanyar da wani zai saye shi a gwanjo ya mayar da shi tsohuwar sana'arsa. Likitan jirgin Dryad, Peter Leonard, ya rubuta cewa wannan ɗan jirgi ya yi wa fataucin bayi illa fiye da duk sauran jiragen rundunar in an haɗa su. Fair Rosamond ya ci gaba da aiki, aka wargaza Sybille a 1833. Sai a 1835 Sifaniya ta yarda da sabuwar yarjejeniya da ta ba da ikon kama jirgi saboda mari da sarƙoƙi da gangunan ruwa kawai, ko da babu bawa ko ɗaya a ciki, ta kuma wajabta a farfasa duk jirgin da kotu ta yanke wa hukunci. Jiragen bayi sun ci gaba da shiga Barazil har 1850, Kyuba kuma har cikin shekarun 1860.